Yadda za ki rubuta labarin soyayyar matasa mai taɓa zuciya ba tare da kin kashe kowa ba

Labarin soyayya na farko da na rubuta, kafin a kai babi na goma na kashe uwar jarumar, na sa mota ta buge saurayin ya farfaɗo a asibiti bai san kowa ba, ita kuma yarinyar na ɗora mata ciwon zuciya, duk don dai mai karatu ya yi kuka ko yana so ko ba ya so. Na tura wa wata ƙawata na zauna ina jiran ta kira ni tana sheshsheƙa. Ta kira kuwa, amma dariya take yi har da tari, wai "ke wai me bayin Allahn nan suka yi miki ne?" Kwana uku ban kula ta ba. Daga baya da na sake karantawa ni ma sai da na ji kunya, don babu wanda na sani a cikin labarin, masifa ce kawai ke faɗowa kan wasu sunaye guda biyu.

To abin da na koya tun daga lokacin shi zan zazzage muku a nan. Zan riƙa cewa "ki" don yawancin masu tambayata yadda ake rubuta irin wannan labarin mata ne, maza ku yi haƙuri ku juya da kanku.

Fara da sanin shekarun mutanenki, don nan ne mutane da yawa ke zamewa. Masu buga littattafai sun raba abin gida biyu. Akwai rukunin matasa, wanda ake rubutawa 'yan shekara 12 zuwa 18, jaruman yawanci 'yan sakandare ne. Akwai kuma rukunin da za mu iya kira na sabbin manya, 'yan 18 zuwa wajen 25, waɗanda suka shiga jami'a ko suka fara aiki ko suka bar gaban iyaye karon farko. Shi wannan na biyun bai daɗe da samun suna ba, a 2009 ne kamfanin St. Martin's Press na Amurka ya sanya gasa yana neman irin waɗannan labaran, daga nan sunan ya bi duniya. Bambancin ya wuce lissafin shekaru. 'Yar 16 komai nata na farko ne, karo na farko da wani ya kalle ta ta rasa inda za ta sa hannunta, kuma har yanzu wani ne ke yanke mata hukunci, akwai lokacin dawowa gida, akwai wanda zai iya ƙwace wayar. 'Yar 22 kuwa babu mai ƙwace mata waya, matsalarta ita ce yanzu ita ce mai yanke hukuncin kuma ba ta san yadda ake yi ba, ga kuɗin haya, ga neman aiki, ga tsoron kada ta zaɓi mutum ta rasa abin da ta sha wahala a kai. Idan kika ba 'yar 16 tunanin 'yar 30, tana zuba hikima kamar wadda ta aurar da 'ya'ya, yaran da ke karantawa za su gane a shafin farko cewa babba ce ta sa kayan makaranta. Masana ma sun ce sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki, yana ci gaba da girma har wajen shekara 25, saboda haka ki ƙyale jarumarki ta yi wauta, ta tura saƙon da bai kamata ba ƙarfe biyun dare, ta yi fushi a kan abin da ke kin san bai kai ya kawo ba. A wurinta ya kai.

Abu guda da ba na sassauci a kai: in dai jarumanki ba su kai 18 ba, ki bar soyayyarsu a kallo da magana da bugun zuciya. Babu wata fasaha da ke buƙatar wuce nan.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe. Kafin ki haɗa su, ki nemo wa kowannensu tabon da yake yawo da shi. Tabo fa na ce, tsohon abu da ya faru tun kafin labarin ya fara, wanda ya koya wa mutum wata ƙarya game da kansa kuma ya yarda da ita. Bari mu ƙirƙiri wata, mu ce sunanta Zahra, shekararta 19, tana ajin farko a jami'a. Tana 'yar shekara 9 babanta ya fita ya ce zai dawo, bai dawo ba, ba mutuwa ya yi ba, yana nan da ransa a wani gari da wasu 'ya'yan. Ƙaryar da ta ɗauka ita ce duk wanda ta jira zai tafi, don haka gara ita ta riga shi. Kada ki rubuta mana wannan a fili, kada ta tsaya gaban madubi tana cewa ni fa ina tsoron a guje ni. Ki mayar da shi ɗabi'a ƙarama da ido zai gani. Zahra ba ta taɓa bari wani ya riga ta kashe waya. Ko ana tsakiyar sallama, "to sai an..." ƙit, ta katse. Ƙawayenta sun saba har suna tsokanarta da shi. Mai karatu zai ɗauka rashin kunya ce ko gaggawa, ya yi murmushi ya wuce, kuma haka ake so.

Shi kuma saurayin, mu ce Sadik, 21, shi ne babba a gidansu, tun yana 15 yake ɗawainiyar ƙannensa saboda mahaifiyarsu ba ta da lafiya. Tasa ƙaryar ita ce ba shi da ikon so wa kansa komai. Yaro ne da zai ba ki cajarsa alhali wayarsa saura kashi 4, in kika tambaye shi me yake so ya ce "duk wanda kika ga ya yi". Kin ga yanzu muna da mutum biyu da za su dace da juna kamar an gwada, ita tana buƙatar wanda ba ya tafiya, shi kuma bai iya tafiya ba. Sai ki kawo abin da zai taɓa tabon nan guda biyu lokaci ɗaya: ya samu gurbin karatu na shekara biyu a wata ƙasa, abu na farko a rayuwarsa da yake so don kansa. In ya tafi ya zama babanta. In ya zauna saboda ita, ta zama wani nauyin da ya ɗauka ya haƙura da ransa. Babu mugu a labarin nan, babu makirci, babu haɗarin mota, amma ni da nake rubuta shi yanzu har na fara jin ba daɗi.

Akwai gwajin da nake yi wa kowace matsala kafin na yarda da ita. Na zaunar da su biyun a raina na ce su yi wa juna magana ta gaskiya minti biyar. In matsalar ta mutu a minti biyar ɗin nan, to ba matsala ba ce, rashin fahimta ce kawai, irin ta "na gan ka da wata" ashe ƙanwarsa ce, kuma masu karatu sun gaji da wannan wallahi, za su yi ta zaginki a ransu suna cewa ku yi magana mana! Amma Zahra da Sadik ko sun kwana suna magana jirgin nan dai yana nan, ranar tafiya tana nan. Irin wannan ce ke ɗaukar littafi guda.

Haɗuwarsu ta farko kada ki wahalar da kanki. Karo a lungu littattafai su zube, an yi shi har ya gaji. Ki haɗa su a inda dole su sake haɗuwa, aikin rukuni da malami ya haɗa su, wurin aiki ɗaya, layi ɗaya da suke bi kullum. Kuma don Allah ki rage kwatancen kyau. Shafi biyu a kan hancinta da gashin girarta da dogon wuyanta, shi kuma faffaɗan ƙirji da ƙamshin turare da mota, duk wannan ba ya sa a so mutum. Abin da ke kama zuciya shi ne a lura da kai. Ranar da Sadik zai ce mata, cikin wasa, "ke kullum ke ce mai kashe waya, ko caji ake biyanki?" ta yi shiru na daƙiƙa biyu kafin ta yi dariya, ranar ne soyayyar ta fara, don shi ne mutum na farko da ya ga abin a matsayin tambaya.

Sai maganar yadda ake rubuta ciwon kansa. Ga yadda nake yi a da:

Zuciyarta ta yi mata zafi matuƙa, wani irin baƙin ciki mara misaltuwa ya lulluɓe ta, hawaye masu zafi suka shiga ambaliya a kyakkyawar fuskarta, ta fashe da kuka mai tsuma rai.

Kin ji wani abu? Ni dai ban ji ba. An gaya min ta ji zafi sau huɗu a jimla ɗaya amma ban ga komai ba. Ga wurin da ta gano maganar tafiyar, a ce takardar gurbin karatun ta gani a cikin littafin da ya ara mata:

Ta karanta har ƙasa, har da adireshin da ke ƙarshe. Ta ninke ta yadda ta same ta, gida uku, ta mayar shafi na 114. Da ya dawo da ruwan ta karɓa ta ce ya gode. Ya ce lafiya? Ta ce lafiya lau, wai littafin ne rubutunsa ƙanana. Sai da ta isa ɗaki ta ga ashe murfin robar na hannunta tun ɗazu, ya yi mata shaida a tafi.

Babu hawaye ko ɗigo, har "ya gode" ɗin da ta faɗa a maimakon "na gode" kuskure ne na wanda hankalinsa ya bar jikinsa. Abin da na lura shi ne, in jaruma ta yi kukan da kanta, mai karatu sai ya tsaya kallo. In ta danne, tana ƙoƙarin kada a gani, sai kukan ya koma wurin mai karatu. Ba wai kada ta taɓa kuka ba, ta yi, amma sau ɗaya ko biyu a duk littafin, kuma a wurin da ba a zata ba, wataƙila bayan sati guda, a kan wani abu na banza kamar igiyar caja da ta ƙi shiga.

Hira ma haka. Matasa ba sa faɗin abin da ke ransu kai tsaye, ballantana waɗanda ke son juna. "Ka ci abinci?" na iya nufin na yi kewarka. "Ba komai" kusan kullum akwai komai. Ki bar su su katse juna, su canza magana, su yi zolaya a inda ya kamata su yi kuka. Dogon jawabin soyayya mai shafi guda, wanda saurayi zai tsaya yana cewa ke ce hasken idanuna bugun zuciyata, ki karanta shi da ƙarfi a ɗaki ke kaɗai, in kika ji kunya ta kama ki to goge shi.

Tunda labarin na zamanin nan ne, waya tana ciki dole, kuma kyauta ce babba ga marubuci in ya iya amfani da ita. Alamar an karanta saƙo ba a amsa ba. "Yana rubutu..." ya bayyana ya ɓace ya sake bayyana, ƙarshe abin da ya shigo shi ne "ok". Saƙon da aka goge kafin a gani. Saƙon murya na daƙiƙa 3 da babu komai ciki sai numfashi. Duk wanda ke ƙasa da 25 ya san ciwon waɗannan ba sai an yi masa bayani ba. Sai dai kada ki cika babi da hirar waya zalla, kuma ki yi hankali da kalmomin yayi, wanda ake yayi bana baɗi ya zama abin dariya.

Wa ke ba da labarin? Yawancin irin waɗannan littattafan da bakin jaruma ake ba da su, "na ce, na ji", don yana manna mai karatu da ita. Wasu kuma suna karɓa-karɓa, babi ɗaya ita babi ɗaya shi, kuma ga labari irin na Zahra wannan ya fi, saboda mai karatu zai san da takardar tun kafin ita ta sani, ya yi ta zullumi yana kallonta tana farin ciki. Amma in za ki yi haka, muryoyin su bambanta. Ki rufe sunan da ke saman babin ki karanta layi biyar, in ba ki gane wa ke magana ba, to mutum ɗaya kika rubuta sau biyu.

Kada ki bar su su biyu kaɗai a duniya kamar an kwashe kowa. Ƙawa mai bakin tsiya da ke da tata damuwar, ƙanin da ke leƙen waya, uwa da ta gane komai ta yi kamar ba ta gani ba. Kuma ki sa dariya da yawa a rabin farko, da yawa fa. Mutum ba ya jin zafin rasa abin da bai ji daɗinsa ba, in ba mu yi dariya da su ba a babi na 6, ba za mu damu ba in suka rabu a babi na 24.

In kuma labarinki dole sai ya taɓa manyan abubuwa, rasuwa, ciwon damuwa, cin zarafi, ba a hana ba, wasu daga cikin mafi kyawun littattafan rukunin nan a kansu aka gina su. Amma ki yi bincike, kuma kada ki sa soyayya ta zama magani, wai ya so ta sai ciwon damuwar ya warke. Ƙarya ce, kuma yarinyar da ke fama da shi tana karantawa. Saurayi zai iya raka ta wurin likita ya jira a waje, iyakarsa ke nan, kuma hakan ma ya fi daɗin karantawa. In akwai maganar kisan kai, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba masu shirya labarai shawarar kada a bayyana hanyar da aka bi, ki riƙe wannan. Haka nan kishin da ya kai ga bincike waya, tsawa, hana ta ƙawaye, finciko hannu, ki daina sayar mana da shi a matsayin tsananin so. In kin sa shi, labarin ya san cewa matsala ce.

Tsawo kuwa, littafin matasa da ake bugawa yawanci yana kaiwa kalma 50,000 zuwa 80,000. In a intanet za ki riƙa saki babi-babi, kamar a Wattpad da aka kafa a Kanada tun 2006, ki tuna a waya ake karantawa, sakin layi gajeru, babi kada ya yi tsawon da yatsa zai gaji, kuma ki tsaya a inda tambaya ke rataye. Ba sai an suma ko an ji ƙarar birki ba, ya isa a ce wayarta ta yi haske da sunansa bayan kwana tara. Shawarata ki rubuta aƙalla rabi kafin ki fara saki, don masu karatu za su yi ta matsa miki ki haɗa su yanzu-yanzu, in kika biye musu kin kashe labarin a babi na 12, su ɗin ne kuma za su fara guduwa.

Ƙarshe. A nan akwai alkawari tsakaninki da mai karatu. Ƙungiyar marubuta labaran soyayya ta Amurka ta taƙaita abin a sharuɗɗa biyu, soyayya ta zama ita ce ƙashin bayan labarin, sannan ƙarshen ya gamsar kuma ya bar fata. Za ki iya rubuta wanda aka rabu ko aka mutu, labari ne shi ma, amma kada ki tallata shi da sunan wannan rukunin, za a ji kin yaudari mutane. Kuma ga 'yan 17 ko 19 ba dole ne a ƙare da aure da 'yan biyu ba, ya isa a ga suna tare yanzu, kuma kowannensu ya ajiye ƙaryar da ya shigo da ita. Sadik dole ya tafi, in ya fasa bai koyi komai ba. Dole kuma ya buɗe baki ya nemi abu karo na farko, ya ce "ina so ki jira ni", ba "duk yadda kika gani" ba.

Ita fa? Nan ne abin da kika shuka tun babi na farko zai biya ki. Daren da ya sauka can, ya kira, sun gaji, magana ta ƙare, ya ce to sai da safe. Ya jira ƙit ɗin da ya saba ji. Shiru. Ya duba fuskar wayar, lokaci na ta tafiya, 47:12, 47:13. Ya ce "Zahra?" Ta ce "ina ji. Kai ka kashe." Kada ki ƙara ko layi ɗaya na bayani a bayan wannan, kada ki ce a lokacin ne ya gane ta daina tsoro. Wanda ya biyo ki tun farko ya riga ya gane, wanda bai gane ba kuma matsalar tana can babi na 3, can za ki koma ki gyara.

In kin gama ki ajiye shi sati biyu kada ki buɗe. Sannan ki bi da biro ko maɓallin nema ki ƙirga sau nawa kika rubuta hawaye, zuciya, ajiyar zuciya, lumshe ido, ki zubar da biyu cikin uku. Ki ba wadda shekarunta suka yi daidai da na jarumar, kada ki tambaye ta ko ya yi daɗi don za ta ce eh ne kawai, tambaye ta a wane babi ta ajiye wayar ta tafi yin wani abu, da kuma wane wuri ta koma baya ta sake karantawa. Ni ƙawar nan tawa mai dariya har yau ita nake fara turawa, kuma na hana ta kira, na ce ta riƙa turo min lambar shafi kawai.